Neman Malam na Gabas

A gidanmu ba a kama sunansa. Malam na Gabas ake ce masa. Ƙanin kakana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ina yaro labarinsa bai taɓa canzawa ba: wani hunturu a zamanin yaƙin Hitila ya ɗaura kayansa a kan jaki ya nufi Makka a ƙasa, ya sauke farali, ya wuce ziyara Madina, can Allah ya karɓi abinsa aka binne shi a Baƙi'a. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ke riƙe da labarin. Tana 'yar shekara 7 ko 8 ya tafi, amma har gobe za ta faɗa maka cewa jakin aura ne, kuma mai jakin yana da cindo a hannun hagu.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a ƙasar Haɗeja. Na shekara 3 ina tattara tarihin unguwarmu, ina bin tsofaffi gida-gida da goro da littafin rubutu. Da na zo kan waɗanda suka tafi gabas ba su dawo ba, sai na ƙirga gida 11 a unguwa ɗaya tak, kuma kowane gida da ka tambaya amsar guda ce: a Makka ya rasu, ko a Madina. Ban taɓa jin gidan da ya ce nasu a hanya ya tsaya ba. Ana cikin haka na buɗe gafakar kakana na tarar da wata wasiƙa ta ajami, ninki huɗu, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Malam na Gabas ne ya aiko ta hannun wani alhaji mai dawowa. Yana gaida kowa da suna, sannan ya ce yana Sinnar kusa da garin Mai Wurno, guzuri ya ƙare, zai yi aikin auduga shekara guda ya ƙarasa. Daga ita babu wata. Na tambayi Gwaggo wa ya kawo labarin Madina. Ta ce, "Haka aka ce." Na ce wa ya ce? Ta ce in bar ta ta ji da ƙafarta.

Da aka ba mu hutu a tsakiyar Disambar 2017 na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Jirgin ya makara awa 5, ba wanda ya ce mana ci kanku. Fasinjojin yawanci ɗalibai ne masu komawa Jami'ar Afirka da ke Hartum, sai marasa lafiya da masu rakiyarsu, sai hajiyoyi masu sarin laffaya da turaren wuta. Hanyar da mutanen da suke bi, daga Yerwa zuwa Njamena, Abeche, Jinena, Fashir, Ubayyid, wadda wasu ke shekaru a kanta suna tafe suna ƙwadago, mu muka tsallake ta awa 4 ba ta cika ba, muna shan lemo.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu can ya tarbe ni. Shi ya fara gargaɗina tun ina gida cewa katin banki ba ya aiki a Sudan, ko da yake Amurka ta ɗage takunkuminta a Oktoban shekarar, don haka dala na ƙulle a lalita kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauye. Farashin gwamnati bai kai jine 7 a dala ɗaya ba, a bayan fage kuwa ya haura 20. Na kama ɗaki a wata lokanda kusa da Suk Arabi, jine 150 kwana ɗaya, da fanka mai kukan injin markaɗe. A lokacin baƙo dole ya yi rajista cikin kwana 3 da shigarsa, kuma ni ina son takardar izinin fita gari da ta ɗaukar hoto. Wannan ya ci min kwana 2 a wani ofis, daga taga zuwa taga, kowa na ce min "bukra", wato gobe, cikin fara'ar da ba za ka iya yin fushi ba.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne lokacin karin kumallo. Da asuba shayi ne kawai da 'yan ƙananan fanke, a wurin matan da ke zama bakin titi da kurfoti da kwalaben kayan ƙamshi, kofi jine 3. Sai wajen ƙarfe 10 ko 11 kowa ya ajiye aiki a kewaye kwano ɗaya na ful, wake ne babba da aka dafa ya yi luguf, a zuba man riɗi a ci da burodi. Ko ba su san ka ba sai sun ce "faddal", kuma da gaske suke yi, ba irin bismillarmu ta fatar baki ba. Da daddare ɗalibina ya kai ni cin abin da ya ce shi ne naman da Hartum ke ji da shi. Muka je na tarar da tsire ne, da ƙuli da yaji da albasa. Na ce mene ne sunansa? Ya ce agashe. Na yi dariya har na ƙware. Balarabe sanye da jallabiya da rawani yana cewa a ba shi agashe, bai san da Hausa yake magana ba. Mai gashin ya ji muna hira ya ɗago kai ya ce, "Sannunku da zuwa, mutanen gida." A Gadarif aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba.

Kwana 4 na yi a Darul Wasa'iƙ, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Fayilolin zamanin Turawa da Turanci aka rubuta su, don haka raunin Larabcina bai cuce ni ba. Jami'an Ingila suna kiran mutanenmu Fallata, ko kuma mutanen yamma, ba su damu da rarrabe Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba. Damuwarsu biyu ce. Ta farko, ko waɗannan baƙi masu ƙaunar Mahadi ne da za su iya tayar da ƙura, domin ba a daɗe da murƙushe daular Mahadiyya a Karari a 1898 ba. Ta biyu, ko za su isa ɗiban auduga. A wannan fayil ana tsoronsu, a na gaba ana yabon ƙwazonsu. Suna kuwa, sai na sarakuna da shehunnai. Talaka adadi ne. Haka na saba gani a ma'ajiyar Kaduna: Di'o ya san yawan jakunan gari saboda haraji, amma bai san sunan mai jaki ko ɗaya ba. Na cika shafi 30 da bayanai masu amfani, babu ko ƙyallin mutumin da na zo nema.

Ranar Lahadi, wadda a wurinsu ita ce farkon makon aiki, na shiga bas a tashar Mina Barri zuwa Sinnar, jine 110. Motar ta fi namu tsafta, kowa da kujerarsa, har alewa da ruwa suka raba. Shinge 3 muka wuce. A kowanne yaron mota ya sauka da takardar sunaye, ni kuma a kira ni in miƙa kwafin fasfo da na izini. Ɗalibina ya sa na yi kwafi 10, ina ganin ɓarnar kuɗi ce, ashe ya san abin da ya hango. Ba wanda ya nemi na goro. A shinge na biyu jami'in ya juya fasfona ya ce me zan je yi Sinnar? Na ce neman kakana. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya ce Allah ya haɗa mu.

Daga Hartum ka yi kudu ka shiga Jazira, ƙasar da ke tsakanin rassan Nilu biyu, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Ba tudu ba kwari, sai magudanan ruwa miƙaƙƙu da gonaki, auduga ta fashe fari fat, an girbe dawa an tara kara. Wannan shi ne aikin noman rani da Turawa suka buɗe a 1925, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, don masaƙun Ingila su sami auduga. Mu da muke taƙama da Kadawa da fadamar Haɗeja, in ka ga Jazira sai ka yi shiru. Muka tsaya Wad Madani aka yi salla, la'asar sakaliya muka shiga Sinnar, tsohuwar hedikwatar daular Funj da ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821. Daga nan ƙaramar mota ta kai ni Mai Wurno, kamar kilomita 15 kudu, a gaɓar reshen Nilu da suke kira Azrak.

Mai masaukina malamin firamare ne da ya yi ritaya, kowa Ustaz yake ce masa. Ya sa aka fito min da angarib, gadon katako da aka saƙa da igiya, a ɗakin baƙi, ya kuma rantse ba zan biya ko sisi ba. Da dare aka kawo asida da miyar busasshiyar kuɓewa. Tuwon dawa ne ba wani abu ba, sai dai ya fi namu laushi. A miyar akwai wani abu mai warin daddawa, na tambaya aka ce kawal, ganyen tafasa ne da ake binnewa ya ruɓa. Tafasar da muke kwaɗawa a gida.

Garin kansa na san tarihinsa tun a aji, ina ma koyar da shi. Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas jama'a na biye da shi, aka tare su a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, aka kashe shi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane suka ci gaba, har suka sauka a gaɓar wannan kogi wajen 1906, suka fara zama a Shehu Talha kafin su kafa nasu garin. Washegari Ustaz ya kai ni wurin dattawan da ke zama a inuwa kusa da fada, ana ta hira da Fulatanci da Hausa da Larabci a cakuɗe. Na durƙusa na yi gaisuwa, sannan, saboda ɗabi'ar malamin makaranta, na shiga zuba musu tarihin kakanninsu. Da na ce "bayan sun gudu daga Burmi", wani tsoho mai farin gemu ya ɗaga carbinsa.

"Yaro, a makaranta haka ake faɗa muku? Gudu?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, haka littattafai suka rubuta."

Ya ce, "Wanda ya gudu ɓuya yake yi. Waɗannan hijira suka yi, tun kafin Nasara ya zo an faɗa musu za a yi ta, kuma gabas za a nufa. Gyara littafinka."

Na gyara a gabansa. Ya miƙo hannu ya duba ko da gaske na soke kalmar.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Ganin hira ta yi daɗi, na ciro wayata na kunna naɗar murya, na dubi wani dattijo da Hausarsa ta fi kama da tamu na ce, "Baba, kai mahaifinka a wace shekara ya zo daga Najeriya?" Wurin ya yi tsit. Wani ya tashi wai zai yi alwala, alhali ko hantsi bai gama dubawa ba. Wani matashi da ke zuba shayi ya ce da Larabci, a hankali yadda zan gane, "Ya ustaz, mu 'yan Sudan ne." Hira ba ta sake komawa daidai ba har muka tashi.

Sai da dare Ustaz ya warware min. Ya ce tambayar da na yi, a wurina tarihi ce, a wurinsu tambayar ofishin jinsiyya ce, wato takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun kafin ƙarshen 1897. Ke nan hatta jama'ar Mai Wurno, da suka zo wajen 1906, sun makara. Daga baya aka sassauto zuwa 1924, sai dokar 1994 ta mai da shi 1956, shekarar samun 'yancin kai. Amma mutanen da aka shekara da shekaru ana ce musu kawo shaidu, kawo kakanka, ba sa mantawa. Wasu sun canza laƙabi, wasu sun daina yi wa 'ya'yansu Hausa. Ga baƙo daga Najeriya da na'ura a hannu yana tambayar shekara. Ya ce, "In kana son ka sami mutuminka, ajiye waya, kuma ka bar tambayar maza. Su wa suke sanin wa ya auri wa?"

Haka aka yi. Na faɗa wa uwargidansa ta bayan labule sunan Malam da na mahaifinsa, da garinmu, da maganar cindo. Kwana 3 ban yi komai ba sai zuwa bakin kogi da shan jabana, gahawarsu mai citta, ina jin haushin kwanakin da ke tafiya. Ashe magana tana yawo cikin gidaje, daga wurin suna zuwa wurin gaisuwar mutuwa. A rana ta huɗu wata tsohuwa mai sayar da godo-godo ta aiko cewa tana yarinya akwai wani Bahaɗeje mai yatsa shida da ke koyar da allo a wani kambo can arewa, kuma 'yarsa tana raye, don ƙanwar kishiyarta a can take aure. Abin da shafi 30 bai ba ni ba, ƙanwar kishiya ta ba ni.

Muka ɗauki shatar boksi, akori-kura ke nan, jine 400 zuwa da dawowa. Muka bar kwalta muka bi gefen magudanar ruwa kusan awa 2, ƙura har cikin haƙora. Kambo shi ne matsugunin 'yan ƙwadago a Jazira. Masu gona, waɗanda aka yanka wa hawasha, wato filin noma, suna da ƙauyukansu. Waɗanda suka zo daga yamma don ɗiban auduga aka bar su su kafa bukkoki a gefen ruwa, a matsayin zaman wucin gadi, kuma zaman wucin gadin nan ya haifi jikoki da tattaɓa-kunne. Wanda muka je gidajen ƙasa ne gajeru, ba wuta, yara na ɗiban ruwa inda jakuna ke sha. Na ga talauci a gida, amma a gida ko bukka ce filin naka ne.

'Yar Malam ɗin Hajja suke ce mata, yadda suke kiran kowace tsohuwa. Za ta kai shekara 70. Tana zaune bakin angarib da tob ɗinta, wato mayafi irin laffaya, fari da ya sha wanki. Na cire takalmi na tsuguna. Ta amsa gaisuwa da wata irin Hausa da rabona da jin ta tun rasuwar kakata, Haɗejanci tsantsa, sai dai in za ta ƙirga ta koma Larabci. Ta ce, "Kai ɗan wa?" Na faɗi mahaifina, ba ta san shi ba, bayan tafiyar aka haife shi. Na faɗi kakana. Sai ta rufe ido ta fara jero sunaye: kakana, da ƙannensa mata biyu, da wanda ya rasu a rijiya, da wata 'yar yarinya mai kuka da ta bi jaki har bakin gari aka dawo da ita. Gwaggo ke nan. Jerin nan daidai yake da na cikin wasiƙar, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce kullum bayan sallar isha sai ya sa su sun maimaita, kamar karatun allo.

Ta ce, "Ɗana, tsamiyar ƙofar gida tana nan?"

An sare ta tun ina firamare, da za a yi titi. Ni da na zo neman gaskiya, na buɗe baki na ce, "Gwaggo, ai tsamiya ba ta mutuwa da wuri." Ta gyaɗa kai. Har yau ban san ko ta gane ba.

Labarin da ta ba ni bai yi kama da na gida ba. Shekara 3 ya yi a hanya. A Abeche ya sayar da jakin ya sayi hatsi, daga nan a ka ya ɗauki kayansa, kuma har ya tsufa yana ambaton jakin nan kamar wani ɗan'uwa. Ya iso Sinnar ba ko ƙwandala, ya shiga auduga. Da ya tara kuɗi karo na farko sai aka ba shi mata, 'yar wani Bakano, kuɗin suka tafi a aure. Karo na biyu ya kai har Sawakin, bakin teku, yana ganin jiragen da ke tsallakawa Jidda, aka nemi takardu da kuɗin ajiya da suka fi ƙarfinsa, ya juyo. Karo na uku matar ta kwanta ciwo. Daga nan sai 'ya'ya, sai makarantar allo, sai tsufa. Ban tambaye ta shekarar rasuwarsa ba, na riga na koyi hankali. Ita da kanta ta ce shekarar da Numairi ya karɓi mulki, wato 1969.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, bai taɓa yarda ya zauna ba. In aka ce ya shuka bishiya a tsakar gida sai ya ce, "Mu da muke kan hanya?" In aka ce ya gyara rufin ɗaki sai ya ce baɗi war haka suna Makka. Yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai haraminsa, farin yadi biyu da ya taho da su tun daga kasuwar garinmu, duk shekara ya fito da su ya shanya ya mayar. Da su aka haɗa aka yi masa likkafani. Ta sa jikanta ya jawo akwatin. Ba komai ciki sai allo ɗaya da ya tsage da ƙaramar buta.

Na ce, "To Gwaggo, wa ya kai mana labarin cewa a Madina ya rasu?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce wani alhaji mai komawa gida ya taɓa biyowa, ya ce me zai faɗa wa dangi? Malam ya yi shiru ya ce, "Ka ce na wuce." Kunya ce ta hana shi cewa yana nan yana ɗiban audugar wani. Kalma biyu ke nan, na wuce. Daga Sinnar zuwa ƙofar gidanmu bakuna suka mai da su Makka, suka ƙara Madina, suka haƙa masa kabari a Baƙi'a. A nan na tuna da sauran gida 10 na unguwarmu, na ji littafin da nake rubutawa ya yi min nauyi a jaka.

Babban ɗanta ya kai ni maƙabarta, bayan kambon, kusa da wata magudana. Tudun ƙasa ne ba alama, shi ma sai da ya yi ƙirge daga wata ƙaya kafin ya nuna. Muka yi addu'a. A hanyar dawowa ya faɗa min ya yi aikin gini a Jidda shekaru, kuma bayan ya yi nasa Hajjin ya sake yin wani a madadin kakansa. Sannan ya tsaya ya kama hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, rubuta abin da kake so, amma kada ka sa sunansa, kada ka sa sunan ƙauyen nan." Na ce ai a dokar yanzu ba abin da zai taɓa su. Ya ce, "Doka tana cikin takarda. Mai tambaya yana bakin shinge." Na yi masa alkawari. Na so in bar wa Hajja ɗan abin da ya rage min, ta ƙi, sai da na ce saƙon 'yar'uwarta ne. Ita kuma ta ƙulle min garin kuɓewa da kwalbar humra a kai wa yarinyar nan mai kuka.

Dawowa ba wani labari. Na koma Hartum a farkon Janairun 2018 na tarar burodin da na bari biyu jine ɗaya ya koma ɗaya jine ɗaya, mutane na ta gunaguni a layin gidan burodi. Na leƙa ƙubbar Mahadi a Umdurman, na sayi tsaraba, na hau jirgi. In aka cire kuɗin jirgi da biza, duk abin da na kashe cikin kwana 20 bai kai dala 300 ba, kuma rabinsa a Hartum ya tafi, don daga Sinnar zuwa kudu ba a bar ni na sayi ko ruwa ba.

Babin nan ya fi kowanne ba ni wahala. Sau 4 ina rubuta shi ina yagawa. In na rubuta abin da na gano, na taɓa martabar gida 11, don kowa zai fara tambayar nasa. In na rubuta abin da aka saba faɗa, to me ya kai ni Sudan? Daga ƙarshe na jera su biyun, na gida da na kambo, kowanne da bakin wanda ya faɗa, ban sa suna ba. Wani abokin aikina ya ce tarihin da ba suna ba shekara ai tatsuniya ce. A lokacin har na ɗan ji zafin alkawarin da na ɗauka. Sai ga rikicin jihar Nilu Azrak a Yulin 2022, inda aka kashe Hausawa da maƙwabtansu kan maganar ƙasa da sarauta, maganar dai ta wa ya riga wa zuwa. Sai yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamba. Tun daga lokacin lambar ɗan Hajja ba ta shiga. Ina gwadawa duk Juma'a.

Amma wannan duk daga baya ne. Ranar da na dawo, bayan magariba na shiga ɗakin Gwaggo da ƙullin kuɓewa da kwalbar humra. Na yi ta kewaye-kewaye, na fara da Hajjin da jikansa ya yi masa, sannan na gangaro kan Sawakin, da akwati, da tudun ƙasa a bakin ruwa. Ba ta katse ni ba. Ta buɗe kwalbar ta shinshina ta rufe. Can ta ce, "Ta ce ni ce mai kuka?" Na ce haka ta ce. Ta yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke ta.

Sai ta ce, "Jakin fa?"

Na ce a Abeche aka sayar da shi.

Ta ce, "Ai na san ba zai kai ba. Tun a nan yake ɗingishi."